Binnanniyar Dukiya Da Mai Gadinta

Hausa tana da sunaye huɗu ga abin da ya shigo hannun mutum ba tare da ya yi masa gumi ba, kuma kowane suna da hukuncin da yake tafe da shi. In an ce ajiya, akwai mai ita, yana nan zuwa ko ba jima ko ba daɗe, wanda ke riƙe da ita kuwa amana ce a wuyansa. In an ce tsintuwa, mai ita ya ɓace wa ido, sai an yi cigiya kafin a taɓa. In an ce ganima, an san mai ita sarai, ƙarfi ne ya raba shi da ita. In kuwa aka ce rabo, an ɗauke maganar daga hannun mutane an mayar da ita ga Mai rabawa. Tukunyar zinariya da fartanya ta ci karo da ita a kufai ba ta fitowa da suna a jikinta. Wanda ya tono ta shi zai raɗa mata ɗaya daga cikin huɗun nan, kuma sunan da ya zaɓa shi zai yanke abin da zai yi da ita kafin gari ya waye. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, labaran aljani ko maciji ko baƙin sa mai gadin binnanniyar dukiya hanya ce da magabata suka bi don su sa mai tono ya ce ajiya a daidai lokacin da zuciyarsa ke raya masa ya ce rabo. Babu kuma inda ya fi dacewa a auna wannan magana irin mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda Khartum da Omdurman ke kallon juna, domin shekara ɗari biyu ke nan ana binnewa ana tonewa a wannan yanki.

Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Akwai tukunya a gindin wata tsohuwar tsamiya ko kuka, ko a kufan garin da aka tashi, ko a ƙarƙashin ganuwa. Wani ya yi mafarkinta har sau uku. Ya fita da tsakar dare da sharaɗi a kansa: kada ya yi magana, kada ya waiwaya, kada kowa ya sani. Ya yi ta haƙa har dagi ya bugi murfi, sai ga ƙaton maciji ya nannaɗe tukunyar, ko guguwa ta taso, ko ya buɗe ya tarar da gawayi. A Sudan da Masar da sauran ƙasashen Larabawa ana kiran wannan mai gadi rasad, wato wanda aka girke ya yi dako, kuma ana cewa mai dukiyar ne ya ɗaure shi a wurin da hatimi da asiri, ba ya gusawa sai da turare na musamman da yanka da karatun faki, malamin da ake zuwa wurinsa neman taimako. Hausawan Sudan, jikokin alhazan ƙafa da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, sun tarar da labarin yana jiransu a can, harshe daban amma ƙashin bayan ɗaya. Abin lura a nan shi ne yadda labarin ke ƙarewa. Da wuya mai tono ya koma gida da tukunyar. Ko ya karya sharaɗi, ko ya haukace, ko hannunsa ya shanye, ko asuba ta riske shi a bakin rami ba komai. Al'ummar da ta daɗe tana ba 'ya'yanta labarin arzikin da ba a samu, da abin da take son koya musu.

Tsibirin Ailan, can yamma da Ingila, bai haɗa iyaka da Sudan ba, bai haɗa harshe da ƙasar Hausa ba, amma labarin yana can da kusan dukkan gaɓoɓinsa. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta sa 'yan firamare fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 su rubuto abin da suka ji daga bakin tsofaffinsu, kuma ɓoyayyiyar dukiya tana cikin batutuwan da aka ba su. Suka rubuto labarin mahara daga arewacin Turai da suka binne zinariya ranar da za su gudu, suka bar mata mai gadi: baƙin sa, ko ƙatuwar kyanwa, ko baƙin kare, ko fatalwar mutumin da aka kashe a bakin ramin bayan ya rantse zai tsare ta. Mafarki sau uku yana nan, haƙan dare yana nan, har da cewa sai an rasa rai kafin a ɗaga tukunyar. Suna kuma da lefrikon, wani ɗan guntun aljani mai ɗinkin takalma wanda ya san inda zinariya take, in ka kama shi sai ka ƙura masa ido, domin da ka kau da kai ya ɓace. A tarin labaran da Thomas Crofton Croker ya fara bugawa a 1825 akwai na wani saurayi da ya tilasta wa irin wannan aljani ya nuna masa tsiron da dukiyar ke ƙarƙashinsa, ya ɗaura wa tsiron jan ƙyalle ya sheƙa gida ɗauko shebur, da ya dawo ya tarar kowane tsiro a gonar da jan ƙyalle a jikinsa.

Me ya sa mutanen da ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba suka ba da labari ɗaya? Domin dalilin binne dukiya ɗaya ne a ko'ina. Ko dai an binne ta tare da mamaci don girmama shi, ko kuwa tsoro ne ya sa aka binne ta. Mai kwanciyar hankali ba ya haƙa rami da dare ya zuba awarwaron matarsa. Sai an ji ƙarar gangar yaƙi, ko an hango ƙurar mahara, sannan maigida zai tona ƙarƙashin murhu da niyyar ya dawo ya ɗauka in ƙura ta lafa. In ya dawo, babu sauran labari. Tukunyar da ta kai shekara ɗari a ƙasa shaida ce cewa mai ita bai dawo ba: an kashe shi, ko an kama shi bawa, ko ya mutu a hanya. Khartum ta ga haka ranar 26 ga Janairu 1885, lokacin da rundunar Mahadi Muhammad Ahmad ta shiga birnin bayan tsare shi na kusan wata goma. Rudolf Slatin da Joseph Ohrwalder, Turawa biyu da suka yi shekaru a hannun Ansar, wato mabiya Mahadi, sun rubuta yadda aka riƙa dukan mazauna birnin don su nuna inda suka ɓoye kuɗi da zinariya. Littattafansu sun fito ne da taimakon Wingate, jami'in leƙen asirin Ingila, a lokacin da ake shirin sake cin Sudan da yaƙi, saboda haka ba a haɗiye su ba tauna. Duk da haka ɓoyo da tono a ranar faɗuwar gari abu ne da ba ya bukatar shaidar Bature. Mai gadin da labari ya girke a kan tukunya wakilin wannan mutumin ne da bai dawo ba. Ba shi da bakin da zai ce tawa ce, sai aka ba shi maciji ya faɗa a madadinsa.

Tarihin biranen biyu ya nuna yadda sunan ganima ke sauya baki. Lokacin da Turkawan Masar suka gina Khartum a ƙarni na 19, an riƙa kwaso jan bulo daga kufan Soba, babban birnin tsohuwar daular Alwa ta Kirista, a bakin Shuɗin Nilu kusa da nan. Bayan rasuwar Mahadi a Yunin 1885, magajinsa Halifa Abdullahi ya sa aka tashi Khartum, aka tsallaka da bulo da katako da ƙofofi zuwa Omdurman, inda aka kafa Baitulmali mai karɓar humusin ganima, wanda har yau wata unguwa ke ɗauke da sunansa. Shekara 13 bayan haka, ranar 2 ga Satumba 1898, bindigogin Kitchener, jagoran yaƙin sake cin Sudan, suka kashe Ansar kimanin dubu goma a filin Karari, aka rushe ƙubbar Mahadi, aka kwashe tutoci da tambura da jibbobi da takubba zuwa Ingila, inda da yawansu ke cikin gidajen tarihi har yanzu. Wanda ya kira kayan wani ganima jiya, an kira nasa ganima yau. Abin da ya bambanta wannan suna da sauran shi ne, bakin mai rinjaye kaɗai ke furta shi. Ba a taɓa jin wanda aka ƙwace wa ya ce an ɗauki ganimata ba, sai dai ya ce an kwashe kayana. Labarin mai gadi kuwa daga ɓangaren wanda aka fi ƙarfi yake fitowa. Shi ne ƙarar da mara ƙarfi ke shigarwa a kotun da takobi ba ya shiga, yana cewa ko kun ci gari, abin da ke ƙarƙashinsa bai zama naku ba.

Ga yadda ƙasa ke kasancewa a hannun wanda bai san da mai gadi ba. Muhammadu Ali Basha na Masar ya aiko da runduna Sudan a 1820, kuma zinariya da bayi suna kan gaba a abin da yake nema, har ya taka da kansa zuwa Fazugli a 1838 da 1839, yana tsoho, don ya ga ma'adinan da aka kururuta masa. A cikin rundunarsa akwai wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini. A 1834 Ferlini ya samu izini daga gwamna Khurshid Basha a Khartum, ya nufi Bajarawiyya, maƙabartar sarakunan Meroe, kimanin kilomita 200 arewa da birnin. Dalar kabarin sarauniya Amanishakheto, wadda ta yi mulki shekara 2,000 da suka wuce, tana tsaye kusan cikakkiya lokacin da Bafaranshe Frédéric Cailliaud ya zana ta a 1821. Ferlini ya sa ma'aikata suka warware ta dutse bayan dutse tun daga ƙololuwa, ya fito da zobba da awarwaro da sauran kayan ado na zinariya. Da ya kai su Turai, da farko an yi shakkar cewa irin wannan ƙira za ta fito daga cikin Afirka. Daga baya Sarki Ludwig na Bavariya ya sayi wani kashi, gidan tarihin Berlin ya sayi sauran a 1844, kuma suna Munich da Berlin har gobe. Makiyayan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo a gefen wannan dala ba su rushe ta ba. Baƙon da ya iso da takardar izini shi ya gama da ita.

Mai musu na farko zai ce duk wannan camfi ne, kuma camfin da ke cin dukiyar talaka. Yana da hujja, kuma Ibn Khaldun ya riga shi kawo ta. A Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ware babi guda ya nuna cewa neman arziki ta hanyar tono binnanniyar dukiya ba hanyar sana'a ba ce. Ya bayyana masu yawo da tsofaffin takardu masu cinyayyen gefe, suna cewa taswirar taska ce, suna karɓar kuɗin turare daga masu hali don karya asirin da ke kanta. Ya kuma yi tambayar da ba ta da amsa: wanda ya kai matuƙa wajen ɓoye dukiyarsa har ya rufe ta da sihiri, me zai sa ya bar wa baƙi takardar kwatance? Waɗannan mutane ba su ƙare ba. A Sudan ana kiran sana'arsu tanzil, wato saukar da kuɗi ta hannun aljanu, kuma ana sayar wa masu kwaɗayi abin da ake kira jan zaiba a kan maƙudan kuɗi, wai shi ne abincin da aljani ke buɗe taska dominsa. A Kano da Maraɗi ma an san masu ninka kuɗi. Amma a dubi bambancin da ke tsakanin labarin kaka da na ɗan damfara. Kaka ta ce akwai mai gadi, saboda haka ka bari. Ɗan damfara ya ce akwai mai gadi, ga mabuɗinsa nan a wurina, kawo kuɗi. Ya ɗauki gargaɗi ya mayar da shi talla. Wanda ya saurari labarin har ƙarshensa, inda mai tono ke komawa da gawayi, shi ne mutumin da ya fi wuyar damfara, domin tun yana yaro aka gaya masa cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Mai musu na biyu zai ce mai gadin bai taɓa hana kowa ba. Shi ma yana da abin nunawa. Lokacin da mai binciken kayan tarihi George Reisner ya tona kaburburan sarakunan Kush a Nuri da Kurru da Meroe tsakanin 1916 da 1923, ya tarar ɓarayin zamanin da sun riga shi shiga kusan dukkansu. To amma ba a auna hani da cewa ba wanda ya taɓa karya shi, in da haka ne da babu dokar da za ta tsira. Ana auna shi da yawan hannuwan da ya riƙe. A Ailan akwai zagayayyun ganuwoyin ƙasa fiye da 40,000, kufan gidajen manoma na fiye da shekara dubu da suka wuce, waɗanda mutanen karkara suka ɗauka gidajen aljanu ne. Manomi mai yunwar fili ya riƙa kewaye su da garma yana barinsu, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Kuma ba duka ne fanko ba: a cikin irin wannan kufai aka tono shahararren kofin azurfa na Ardagh a 1868, ana cikin haƙar dankali. Da tsoron ya yi sanyi a ƙarni na 20, motocin ture ƙasa suka share da yawa daga cikinsu. Duk da haka a 1999, da za a yi babbar hanya a Latoon cikin gundumar Clare, mai ba da labarin gargajiya Eddie Lenihan ya yi magana a kan wata bishiyar ƙaya da ake dangantawa da aljanu, kuma aka bar ta tsaye a gefen hanyar. Iyakar abin da za a yarda da shi ga mai musu shi ne, mai gadin yana da tasiri a kan maƙwabci mai fartanya, ba shi da shi a kan baƙo mai bindiga ko inji.

Mai musu na uku daga zauren malamai zai fito, ya ce Shari'a ta riga ta yanke hukunci: abin da mutanen Jahiliyya suka binne rikazi ne, wanda ya same shi ya fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran ya halatta, ba a kuma ce a nemi izinin aljani ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce mumini ya yi wa iska yanka don ta sakar masa tukunya, wannan shirka ce a fili. Sai dai in aka karanta babin har ƙarshe za a ga fiƙihu ma tambayar da yake yi ita ce, wane ne mai shi? A mazhabar Malikiyya, wadda Kano da Omdurman suka yi tarayya a kanta, in abin da aka tono yana ɗauke da alamar Musulmi, ya fita daga rikazi ya zama tsintuwa, sai an yi cigiyarsa shekara guda. In an same shi a filin wani, mai filin yana da haƙƙi. Humusin kansa shaida ne cewa jama'a suna da kaso a abin da mutum ɗaya ya tono. Mukhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Sakkwato da Zariya, ya ƙidaya tona kabarin mutumin Jahiliyya don neman dukiya cikin abubuwan da aka karhanta. Alƙur'ani kuma ya kawo binnanniyar dukiya a Suratul Kahfi, a ƙissar Annabi Musa da bawan Allah da ya tayar da katangar da ke shirin faɗuwa a garin da aka hana su abinci, bai karɓi lada ba, domin a ƙarƙashinta akwai taskar marayu biyu da ake so su girma su tono abinsu. A nan ma dukiyar tana da masu ita, tana kuma da mai tsaronta. Bambancin shi ne, tsaron aikin hannu ne, aka yi shi saboda yaran da ba su ma san da dukiyar ba.

Mai musu na huɗu shi ne mafi nauyi, domin yunwa ce ke magana da bakinsa. Zai ce mai ƙoshi ne ke wa'azin barin zinariya a ƙasa. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, sai idon gwamnati da na talaka ya koma kan zinariya. Aka buɗe matatar zinariya a Khartum a 2012, dubban ɗaruruwan matasa, waɗanda ake kira dahaba, suka bazama sahara da na'urar gano ƙarfe, kuma su ne ke fitar da mafi yawan zinariyar ƙasar. Babu laifi a kan mai haƙar ma'adini, domin zinariyar da ke cikin dutse ba wanda ya ajiye ta, nema ne irin na noma. Matsalar ita ce na'ura ba ta bambanta jijiyar dutse da kabarin kaka. A 2020 masu binciken tarihi suka isa Jabal Maragha a saharar Bayuda, kimanin kilomita 270 arewa da Khartum, wurin da aka zauna tun zamanin Meroe, suka tarar masu neman zinariya sun shigo da motocin haƙa biyu sun yi rami mai zurfin mita 17, sun shafe wurin. Kuma wa ya ci ribar? A Jabal Amir na Darfur rikicin mallakar ramukan zinariya ya ci ɗaruruwan rayuka a 2013, ma'adinan suka ƙare a hannun masu bindiga. A Zamfara gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. A Ailan ma, da leburorin hanyar jirgin ƙasa suka ci karo da tarin zinariyar Mooghaun a 1854, an saye yawancinta a hannunsu da arha aka narkar. Talaka yakan ce rabona ne, amma da wuya rabon ya kwana a hannunsa. Abin da ke kwana da shi shi ne ramin da gubar.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sake dawo da tambayar cikin kowane gida. Matan Sudan sun daɗe suna adana guminsu a awarwaro da sarƙa, su ne bankinsu na ranar ɓacin rana, kuma miliyoyin mutane sun bar gidajensu cikin gaggawa, wasu da abin da suka iya ɗauka, wasu sun ɓoye da fatan dawowa. Wawason da ya biyo baya ya yi yawan da har ya samu sunansa a bakin jama'a, shafshafa, aka kuma buɗe kasuwanni na musamman inda ake sayar da kayan gidajen mutane. Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1971 kusa da mahaɗar kogunan, yana ɗauke da kayan daulolin Karma da Napata da Meroe da zanen bangon cocin Faras, ya faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙar sojojin ƙasar, tun farkon yaƙin. UNESCO ta yi gargaɗi a Satumbar 2024 kada kowa ya sayi kayan tarihin Sudan. Da sojoji suka karɓe birnin a Maris 2025, jami'an kayan tarihi suka ce sun tarar an fasa ɗakin ajiya an kwashe zinariyar sarakunan Kush, suka ɗora laifin a kan RSF, ita kuwa ta sha musanta zargin wawaso. Gidan Halifa da ke Omdurman ma bai tsira ba. Abin da ya kuɓuce wa ɓarayin da, ya kuɓuce wa Ferlini, aka tattara shi wuri ɗaya don a tsare shi, shi ne aka kwashe a lokaci ɗaya. Gidan tarihi alkawari ne da ƙasa ta ɗauka cewa ita ce za ta maye gurbin tsohon mai gadin, kuma alkawarin yana tsayawa ne muddin ƙasar na tsaye.

Ba na kira a koma tsoron tsamiya. Wanda ya daina jin tsoro ba a mayar masa da shi da wa'azi, ba kuma abin so ba ne a mayar. Abin da ya kamata a riƙe shi ne hukuncin da tsoron ke ɗauke da shi, a nemo masa sababbin ƙafafu. Ailan ta yi haka. A 1980 aka tono kofi da faranti na coci, aikin fiye da shekara dubu, a Derrynaflan cikin gundumar Tipperary da na'urar gano ƙarfe. Shari'a ta kai har kotun ƙoli, wadda ta yanke a 1987 cewa kayan tarihin da ba a san mai su ba na ƙasa ne, amma wanda ya samo yana da tukuici, aka kuma hana neman kayan tarihi da na'ura ba tare da lasisi ba. Sudan ba ta rasa doka ba, tana da dokar kayan tarihi tun 1905, an sabunta ta a 1952 da 1999. Nijeriya ma tana da tata, amma ba ta hana a yi ta tone gumakan yumɓu na Nok ana fitar da su ba, ba ta hana a ci ganuwar Kano da gini da ɗibar ƙasa ba. Doka tana cikin littafi a babban birni, labarin kaka kuwa yana cikin kan wanda ke riƙe da dagi, shi ya sa ya fi ta isa bakin rami. Dokar da za ta yi aiki ita ce wadda mutanen ƙauyen da ke gefen kufai suka ɗauka tasu ce: su ga ana ɗaukar 'ya'yansu aikin tsaro da albashi, su ga wanda ya kai abin da ya tsinta ya samu tukuicin da ya fi na dillali, su ga an ajiye wani abu a inda za su iya zuwa su gani.

Akwai kuma nauyi a kan mu masu harshe da alƙalami. Yadda jarida da fim da hirar majalisa ke ba da labarin wanda ya tono tukunya yana koyar da mai sauraro abin da zai yi ranar da tasa fartanyar ta bugi murfi. In kullum ana nuna shi a matsayin mai sa'a wanda Allah ya tarfa wa garinsa nono, to an gama ba da fatawa. In kuwa aka saba yin tambaya, na wane ne, me ya same shi, su wa ya bari, an raya abin da labarin maciji ya yi shekaru yana karewa ba tare da an bukaci macijin ba. Masu haƙƙi a kan zinariyar Meroe ba sarakunan da suka mutu kaɗai ba ne. Yaran Omdurman da aka haifa a gudun hijira a Chadi ko Masar suna cikinsu, kuma su ne marayun wannan zamani, waɗanda ba su san abin da aka bar musu ba balle su nema. Wajibin manya ne su tsare musu shi har su girma: a rubuta abin da ya ɓace, a ƙi sayen abin da aka sato komai arharsa, a biya masu gadi, a kuma nemi a dawo da abin da ya tsallaka iyaka, na 1834 da na 1898 da na 2023 baki ɗaya.